Mu da Asibitin Unguwa

Akwai wata al'ada da muka daɗe da ita a unguwar nan, kuma na san ba mu kaɗai ba ne a birnin Kano: zuwa asibiti sai ran Litinin da sassafe. Wanda zazzaɓi ya kama tun daren Alhamis, da wadda ɗanta ya fara gudawa ran Asabar, da dattijon da maganin hawan jininsa ya ƙare tun makon jiya, duk sai mu haɗu a ƙofar ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ana idar da sallar asuba mata sun fara jera katunansu a kan dakali, kowacce ta danne nata da ɗan dutse don kada iska ta kwashe, ta koma gida ta sallami 'yan makaranta. Kafin hantsi benci ya cika, masu goyo sun bazu a gindin darbejiya, yara na kuka, rana na dukan kowa. Ran Laraba da la'asar kuwa in ka leƙa, malamin asibiti za ka tarar shi kaɗai yana cike rajista.

Da daddare, a teburin mai shayi ko a ƙofar masallaci bayan isha'i, sai mu baje kolin ƙorafi. Wannan ya ce maiɗakinsa ta wuni a layi, ba a duba ta ba sai bayan azahar. Wancan ya ce an rubuta masa magani an ce ya je waje ya saya. Wani ya ce nas ta daka wa ƙanwarsa tsawa a gaban mutane. Duk gaskiya ne, kuma za mu zo kansu. Amma tunda hirar ta cikin gida ce, bari mu fara da namu halin, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Asibiti dai ba shi ne zangonmu na farko ba. Da jiki ya yi ɗumi, sai a aiki yaro kemis da 'yan canji: "Ka ce a haɗo na zazzaɓi." Mai kemis ya ɓallo biyu daga nan, uku daga can, ya ƙulle a leda. In bai sauka ba, a dafa ganyen darbejiya da na mangwaro da lemon tsami a yi surace. In ya ƙi, a koma kemis a ce ai taifot ce ta haɗu da maleriya, a yi allura a bayan kanta, alhali lasisin irin waɗannan shaguna bai ba su izinin yin allura ba. Sai yaro ya kwana huɗu, ido ya yi fari, ya daina karɓar nono, sannan a saɓe shi a nufi asibiti a guje. A lokacin abin ya fi ƙarfin ɗan asibitin unguwa, dole su rubuta takarda su ce a wuce Hasiya Bayero ko Murtala. Mu kuma mu dawo majalisa muna cewa, "Ai waɗannan ba abin da suka iya sai tura mutane gaba." Da a ranar farko aka kai shi, da gwajin jini da maganin kwana uku sun wadatar.

Sai dai a yi mana adalci, ba don wauta muke fara zuwa kemis ba. Mai kemis yana buɗe har sha ɗayan dare. Ba layi a wurinsa. Ya san sunanka, ya san na 'ya'yanka, in ba ka da kuɗi yau ya rubuta ka a littafin bashi. Duk mai son gyara asibitin unguwa ya tsaya ya dubi waɗannan abubuwa huɗu da kyau, domin su ne suke janye masa marasa lafiya.

In mun isa asibitin kuma, da maganin da muke so a ranmu muke shiga. Na taɓa ganin wata gwaggo ta kawo jikanta da zafin jiki. Malamin ya goge ɗan yatsan yaron da auduga, ya ɗan tsira masa, ya ɗiga jinin a ɗan farin abin gwajin nan, ya ajiye a kan tebur ya ce a jira kwata. Da lokaci ya cika ya ɗaga ya nuna mata.

"Gwaggo, kin ga zane ɗaya ne ya fito. Ba maleriya ba ce. Maƙogwaronsa ne ya kumbura."

"To ɗan nan, ba za ka yi masa allura ba? Ko ɗan ƙarin ruwa leda guda, ya samu ƙarfi?"

"Yana ci yana sha, Gwaggo, ba ya buƙatar ruwa. Ga wannan ki riƙa ba shi, jibi ki dawo min da shi in sake dubawa."

Ta karɓa ba da son ranta ba, tana fita tana cewa yaran zamani rowar allura gare su. Haka muke. A wurinmu wanda bai huda fata ba bai yi aiki ba, kuma likitan kirki shi ne wanda ya rataya leda. Alhali wannan malamin ya hutar da ita kashe kuɗi, ya kuma hutar da yaron shan maganin da ba nasa ba. Ko da zane biyu ne suka fito, maganin da ake bayarwa na haɗiya ne, safe da yamma har kwana uku. Mu kuwa da zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu sai mu adana sauran a saman firji, wai don ranar da ƙaninsa zai kwanta. Bayan mako biyu ciwo ya dawo, mu ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi.

Sai maganar kati. Katin zaɓe da na banki kowa ya san inda ya ajiye su, amma katin asibiti kullum a ɓace yake. Ko yara sun yage shi, ko yana cikin aljihun rigar da aka kai wanki, ko an bar shi a gidan suna. Duk zuwa sai an yanki sabo, wani lokaci ma da wani sunan daban. Wasu gidajen kati ɗaya ne ke yawo tsakanin uwargida da amarya da 'yar riƙo. Muna ganin abin ƙarami ne, amma a nan muke zubar da babban amfanin asibitin kusa da gida. Akwai likitocin da fanninsu shi ne kula da iyali gaba ɗaya, tun daga jariri har kaka, kuma ana horar da su a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Ba su da yawa, ba kasafai ake samunsu a unguwa ba. Wanda muke kira likita a nan galibi jami'in lafiyar al'umma ne da ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya, tare da nas da ungozoma. To amma aikin da suke mana irin wancan ne: su san gida, su san ciwon da ke bin dangi, su san wanda maganin kaza ba ya karɓarsa. Wannan sanin a cikin fayil yake zaune. Duk ranar da ka yanki sabon kati, ka koma baƙo a asibitin da ke bayan gidanka.

Masu hawan jini da ciwon suga su abin ya fi shafa. Baba zai zo, a ɗaura masa abin awo a damtse, a matsa, a ce 160 bisa 100, a ba shi maganin wata guda a ce ya dawo. Ya sha na mako biyu, ciwon kai ya tafi, ya ce Alhamdu lillahi ya warke. Ba a sake ganinsa sai ran da ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi a bayan gida. Hawan jini ba a warkewa daga gare shi a wata ɗaya, lallaɓa shi ake yi kullum. In da fayil ɗinsa na nan da lambar wayar ɗansa a jiki, da malamin asibiti zai iya bugawa ya ce, "Ina Baba? Watansa ya cika bai zo awo ba."

Akwai kuma alfarma, wadda ita ce ta fi ɓata ran mutane a layi. Mace ta zo tun duku-duku, sai ƙarfe goma wani ya faka mota, ya shiga ta ƙofar baya da sallama da dariya, a duba iyalinsa ya fita. Wani ɗan'uwan mai gadi ne, wani maƙwabcin nas ne, wani ya zo da gaisuwar kansila. Kowa a cikinmu yana tsinar wannan hali ran da yake kan benci, kowa kuma yana neman ta ran da ya san wani a ciki. Abin takaicin shi ne, wanda ya cancanci a tsallake layi dominsa shi ne ba ya samu. Yaron da ke suma, ko wanda numfashinsa ke fita da sauri haƙarƙari na lotsawa, mai cikin da jini ya ɓalle mata ko ƙafa da fuska suka kumbura tana ganin jiri, waɗannan ko yanzu suka iso su ne na farko. Ya kamata kowace safiya wani ma'aikaci ya zaga benci ya dubi fuskoki kafin a fara kira, mu kuma mu koyi matsawa ba tare da gunaguni ba.

Ɓangaren mata kuwa, mu maza mu ji da kyau. Har yanzu akwai gidajen da yaro zai kwana yana amai, uwa na kallo tana kuka, amma ba za ta fita ba don maigida yana kasuwar Dawanau wayarsa a kashe. Me zai hana tun yau mutum ya ce, "Duk ran da ciwo ya tashi ba na nan, na yafe, ki tafi," ya kuma ajiye kuɗin adaidaita-sahu a inda ta sani? Awon ciki ma sai ciki ya kai wata bakwai ake farawa, wai don a samu kati kawai saboda ranar tsautsayi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a riƙa ganin mai ciki sau takwas, a fara tun cikin watanni ukun farko, domin a nan ake gano ƙarancin jini da hawan jinin da ke kawo jijjiga. Ga kuma kunyar haihuwar fari, yarinya na naƙuda tana cije baki don kada surukai su ji. Kunya ado ce, amma ba a ranar da rai biyu ke hannun Allah ba. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW ta daɗe da tsarin direbobin sa-kai masu kai mata asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Mu ma muna da masu adaidaita a kowane lungu. Rubuta lambobin mutum uku ko huɗu da suka yarda a tashe su da tsakar dare, a liƙa a ƙofar masallaci da bangon asibiti, ba ya cin ko sisi.

Riga-kafi shi ma muna yi masa rabi da rabi. Ta ranar haihuwa muna karɓa, ta mako shida muna zuwa, daga nan sai ƙafa ta ɗauke. Yaro ya yi ɗan zazzaɓi da daddare, maigida ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba. Alhali allurar nan mai kare cututtuka biyar sau uku ake yin ta, a mako 6 da 10 da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Mun ga abin da yankewar ta jawo lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin yaran da ya kama ba su kammala allurarsu ba. Tsoron namu yana da asali. Ba mu manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a garin nan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003. Amma da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shigo cikin lamarin aka ci nasara, har a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wato in an yi mana bayani ta bakin wanda muka yarda da shi, muna ji.

Bayanin ne sau da yawa ake mana rowa. Mace za ta zo ran Alhamis a ce mata allurar ƙyanda sai Talata, ta koma tana cewa wulaƙanci ne. Ba wanda ya gaya mata cewa kwalba ɗaya ta yara goma ce, ta tarin fuka ma ta ashirin, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa shida zubar da saura ake yi, shi ya sa ma'aikata ke son tara yara rana guda. Da an rubuta ranakun da manyan baƙaƙe a bango, da boko da ajami, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, da ba ta yi asarar kuɗin mota da wuninta ba.

To yanzu mu juya ga abin da muke bi bashi, don ba duka laifin ne namu ba. Ma'aikaci biyu ko uku ba za su iya da jama'ar mazaɓa guda ba. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya a baki ba za a ce mata ta yi fara'a ba. Famfo ba ruwa, bayan gida a kulle, kantar magani wayam. Waɗannan haƙƙinmu ne a kan hukuma, kuma ba roƙo ba ne. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga 1985 zuwa 1992, ƙasar nan ta ɗora tsarinta a kan cewa lafiya daga matakin farko take farawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, inda aka ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki sosai. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Wani kaso na kuɗin nan kai tsaye yake shiga asusun asibitocin da aka zaɓa, don sayen magani da 'yan gyare-gyare. Jiha kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a ƙarƙashinta.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tsarin ya ba mu kujera a ciki. Kowace mazaɓa ana so ta kasance da kwamitin ci gabanta, na mutanen gari, wanda ke zama da shugaban asibiti a tsara abin da za a kashe. Ka tambayi majalisarku yau da daddare wa ya san shugaban wannan kwamiti, ka ji shiru. Mun san wanda ke riƙe da kuɗin ƙungiyar ƙwallon unguwa, mun san ma'ajin masallaci, mun san uwar adashi. Asibitin unguwa kuwa ya zama mana rijiyar bakin hanya: kowa na zura guga, ranar yasa a nemi mutane a rasa.

Kuma gyaran da ake buƙata ba duka ne sai an jira Abuja ba. A yanka kwali a rubuta lambobi, mai gadi ya riƙa miƙa wa kowa tasa yana isowa, rigimar "na riga ki" ta ƙare. A raba ranaku: masu awon ciki da tasu, riga-kafi da tasa, dattawa masu hawan jini da suga a ba su wata yamma da ba cunkoso, a rubuta wa kowa ranar dawowarsa a bayan kati. A roƙi hukuma ta tsara aikin ma'aikata yadda za a samu mai duba mutane bayan la'asar, saboda ɗan kasuwa da lebura da ɗan adaidaita ba za su bar neman abincin safe su zauna a benci ba, kemis za su tafi. A kafa allo a rubuta abin da yake kyauta da abin da ake biya da nawa ne, don a huta da zargi, ma'aikata su ma su huta. A samu lambar waya ɗaya ta asibiti da mutum zai buga ya ji ko akwai mai gwajin jini yau kafin ya taso.

Sauran kuwa aikin aljihunmu ne da ƙarfinmu. Mu da muke haɗa kuɗin gyaran taransifoma cikin kwana kaɗan in wuta ta lalace, rumfar kwano da benci biyar da randar ruwan sha ba za su gagare mu ba. Masu hali da ke raba shinkafa da azumi, ɗaya daga cikinsu zai iya sa wa ɗakin haihuwa sola, ladansa na gudana dare da rana. Samarin da ke yashe kwata ran Asabar su haɗa da harabar asibiti. Kwamitin kuma kada ya zama na maza zalla. Waɗanda suka fi kowa zama a bencin nan mata ne, su suka san wace nas ce ke da haƙuri, wane lokaci ake rufe ƙofa, wane magani ne kullum babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa malamar Islamiyya da ungozomar gargajiya da uwar adashi a ciki, za a ji abin da ba a taɓa ji ba.

Tsakaninmu da ma'aikata kuma a sassauta. Su daina ce wa mace "ke mai jan mayafi," su kira ta da sunanta ko su ce Hajiya, su dubi fuskarta in tana bayani, su faɗa mata sunan ciwon da yadda za ta sha maganin har ta gane. Mu kuma mu shiga da sallama, mu tuna wadda ke gabanmu wataƙila tun jiya ba ta runtsa ba. In an yi mana ba daidai ba, a kai wa shugaban asibiti ko kwamiti, a faɗi rana da abin da ya faru. In an kyautata mana, shi ma a faɗa a majalisa da ƙarfin da muke faɗin laifi.

Don haka, Mai Unguwa, ranka ya daɗe, ga roƙonmu. A sa rana bayan sallar Juma'a, a gayyato shugaban asibiti da 'yan kwamiti, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanka, a keɓe wa mata nasu wurin. Su gaya mana nawa ke shigowa, me ake saya, ma'aikata nawa suke da su, nawa suke buƙata. Mu kuma mu faɗi abin da za mu ɗauka, a rubuta sunan kowa da alƙawarinsa, a sake zama bayan wata uku a ga wanda ya cika. Abin da ya fi ƙarfinmu a rubuta takarda a kai ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, a kuma riƙa bibiya har a ga amsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri, mu kuma Ya ba mu ikon fitowa ran da aka kira taron.